Dogo biyu a bayan ɗaki: kundin aikin ƙaramin jirgin ƙasa a Damagaram

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau bayan la'asar na buɗe kwalaye ukun da ƙanena ya aiko daga Jamus ta hannun wani ɗan gari da ya zo ganin gida. Kayan hannu ne, ya saye su wajen wani dattijo da ƙarfi ya ƙare masa. A ciki akwai kan jirgi biyu, gajerun taragu huɗu, dogayen taragun fasinja biyu, mararraba huɗu na sauya wa jirgi layi, guntayen dogo miƙaƙƙu da masu kwana, sai damin dogayen sandunan tagulla waɗanda mutum ke tanƙwarawa da kansa. Duk ƙirar LGB ce, wadda aka fara yi a birnin Nurembag a 1968 musamman don a shimfiɗa a waje, rana ta doka, ruwa ya doka.

Tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 45 ne, kuma komai an rage shi ne kashi 1 cikin 22.5. In ka ninka 45 sau 22.5 za ka sami mita ɗaya da 'yan kai, wato irin faɗin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, irin kuma na Kwatano zuwa Faraku. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai.

Mu a nan ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa a garinmu ba. Dogo ya iso Kano tun 1911, ya kai Nguru a 1930, amma bai hauro mana ba. Baba, Allah ya jiƙansa, yana fataucin gyaɗa ta Matamaye da Daura, kuma shi ya fara kai ni tashar Kano ina yaro. Abin da ya zauna mini a kai tun ranar shi ne jirgi biyu da suka gamu suka wuce juna, iskarsu ta kaɗa mini riga. Shi nake so jikokina su gani a bayan ɗakina, ko da a ƙarami ne. Saboda haka layi biyu zan yi, ɗaya cikin ɗaya, a filin da ke tsakanin katanga da dogon yaro, mita 10 a tsaye, 5 a kwance.

Tambayar da na kwana da ita ita ce tazara nawa zan bari tsakaninsu.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Magini ya zo duba wuri. Tsohon ɗalibina ne, har yanzu Mushe yake ce mini. Na jera masa layi biyu a ƙasa, ya ɗora metir ɗinsa ya ce, "Mushe, santi 11 ke nan." Ni kuma na ce 16. Muka yi ta ja, ashe kowa da inda yake kama awonsa: shi daga ƙarfen da ke kusa zuwa ƙarfen da ke kusa, ni daga tsakiyar layi zuwa tsakiyar layi. Awon tsakiya shi ne na masu dogo, manya da ƙanana, domin tarago a kan tsakiya yake zaune, rabin faɗinsa dama rabi hagu. Da yake tsakiya ba ta da abin da metir zai kama, na nuna masa hanya mai sauƙi: ka auna daga ƙarfen hagu na wannan layi zuwa ƙarfen hagu na wancan, gefe ɗaya da gefe ɗaya. Lissafin ɗaya ne.

Ita 16 ɗin ba ni na zaɓa ba. Mararrabar da ke cikin kwali tana karkata digiri 30 a kan kwana mai santimita 60 daga cibiya, irin kwanar da guda 12 ke cika da'ira. In ka haɗa biyu baki da baki don jirgi ya tsallaka daga wannan layi zuwa wancan, da kansu suke ajiye layukan a kusan santimita 16. Na auna dogon tarago, faɗinsa har da matakala da maƙallan hannu santimita 12. Ke nan in biyu suka jeru a miƙe, 4 ce tsakaninsu. Na ga kamar ta isa.

Magini ya so ya fara haƙa gobe. Ya ce, "Tun ran gini ran zane, Mushe. Ka ba ni faɗin tushe in san bulo nawa za a buga." Na ce ya dakata. Zan share ƙasa in shimfiɗa komai haka nan, ba siminti ba tsakuwa, in gwada tukuna.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Guntayen kwana da suka zo a kwali duk masu 60 ne, sai layin ciki kawai za su yi. Na waje dole in tanƙwara shi a kan 76. Na gwada da hannu a kan gwiwa, tagullar ta karye tsari, ta yi gwiwa-gwiwa kamar ƙafar fara. Yau na ratsa ta kasuwar Dole na sayi boris uku na babur, na kai wa wani mai walda. Ya dasa biyu a kan farantin ƙarfe, na ukun a tsakiya kan noti mai matsowa. Kana tura sandar tana wucewa, kana ƙara murɗa notin kaɗan-kaɗan, tana lanƙwasa sumul. Sau biyar zuwa shida nake bi da kowace sanda.

Lahadi, 8 ga Disamba

Mako biyu jirage suna zagayawa lafiya. Dogayen taragun nan biyu a jirgi ɗaya nake haɗa su, gajerun a ɗayan, kuma a kwana suna wuce juna da ɗan abin da bai kai kaurin yatsa ba. Na lura, amma ban tsaya a kai ba.

Yau jikana, ɗan shekara tara, ya ce, "Kaka, a raba mana daidai, kowa ya sami babba ɗaya." Gaskiyarsa. Na cire ɗaya na maƙala wa jirginsa. Zagaye uku suna gamuwa a miƙe, ba abin da ya faru. A na huɗu suka haɗu a tsakiyar kwanar da ke ƙarƙashin dogon yaro. Kusurwar bayan taragona, da ke layin ciki, ta soki cikin nasa daidai tagar tsakiya. Na ji ƙaras, nasa ya kwanta a gefe, ya ja na bayansa. Matakala ɗaya ta ɓalle, maƙallin hannu ya karye gida biyu.

Yaron ya tsaya cik, idonsa ya kawo ruwa, yana jin shi ya yi ɓarna. Na zaunar da shi na ce masa ba laifinsa ba ne, awona ne bai cika ba, kuma gara da abin ya fito yau tun ba a zuba siminti ba. Muka tsince guntayen cikin yashi, muka zuba a gwangwanin tumatir.

Talata, 10 ga Disamba

Kwana biyu ina kan wannan, kuma ina so in rubuta shi dalla-dalla domin nan ne gindin maganar.

Dogon tarago sanda ce miƙaƙƙiya, ba ya lanƙwasa. Tsawonsa santimita 60. Ƙafafunsa rukuni biyu ne, kowanne yana juyawa a kan ƙusa, tsakanin ƙusa da ƙusa santimita 40. Ƙusoshin nan biyu kaɗai ke bin tsakiyar dogo. In aka shiga kwana, cikin taragon yana yanke hanya ya faɗo wajen cibiya, kai da gindi kuma su yi waje. Kamar mutum ne ya ɗauko azara a kafaɗa zai sha kwana a lungun Birni: tsakiyarta na gogar kusurwar gini, bakinta na neman bangon da ke can gefe. To a layi biyu, na ciki gindinsa ke fitowa, na waje cikinsa ke shigowa, su biyun duk cikin tazara ɗaya suke ci.

Na fara da gwaji kafin alƙalami. Na shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙarƙashin kwana, na ɗaure fensir da roba a kusurwar tarago, wani a tsakiyar gefensa, na tura a hankali da hannu. Layuka biyu suka fito a takarda. A kwana mai 60, kusurwa ta kai milimita 94 daga tsakiyar dogo, alhali a miƙe 60 ce. A kwana mai 76, ciki ya shigo har 87. Haɗa su, 181. Ni kuwa 160 na bari. Santimita biyu cur suka shiga cikin juna, ba yadda za a yi su wuce.

Da dare na sake bi da lissafin Fitagoras, wanda na shekara talatin ina koyarwa a lekwal, ya ba ni abin da fensir ya ba ni. Daga nan na gwada a takarda in na buɗe kwanar. In layin ciki ya zama santimita 120, kusurwa tana tsayawa a milimita 79. In na waje ya zama 140, ciki yana tsayawa a 74. Jimla 153, cikin tazarar 200, saura 47 na iska. Ko a 180 na bari, saura wajen 26. Abin da na fahimta shi ne buɗe kwana ya fi buɗe tazara amfani, amma ni duka biyun zan yi, domin lissafi yana ɗauka dogo a kwance yake daram, tarago ba ya rawa, ƙasa ba ta motsi. A tsakar gida ba haka abin yake ba. Ƙafar tarago tana da 'yar wasa tsakanin ƙarafa, kuma in gefe ɗaya ya nutse ko da milimita biyu ne, rufin taragon zai karkata fiye da haka tunda yana sama.

Akwai kuma abin da takardar ta nuna mini wanda ban zata ba. Layin fensir na kusurwa bai jira an shiga kwana ba, ya fara fita tun taragon yana kan miƙaƙƙe, da zarar ƙafafun gaba sun karkata. Ke nan faɗaɗawar ma dole ta fara kafin bakin kwana, aƙalla da tsawon tarago ɗaya.

Na tsaya a kan haka: kwana 120 da 140, tazara 20. Miƙaƙƙen gefen katanga 18. A Jamus manyan layuka masu dogo biyu galibi mita 4 ake bari tsakiya zuwa tsakiya, in ka raba da 22.5 kusan 18 ɗin ce, kuma ido ya fi jin daɗinta. Daga 18 zuwa 20 zan buɗe sannu a hankali cikin mita guda kafin kowace kwana.

Uwargida ta leƙo ta ga zanen ta ce, "Malam, wannan da'irar za ta cinye mini wurin shanya." Faɗinta da tushe ya kai mita 3. Mun daidaita, igiyar shanya ta koma gefen madafa, ni zan dasa mata sababbin turaku.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

An fara tushe. Sanyi ya sauka sosai, magini da yaronsa sai da rana ta ɗaga suka iya kama cebur.

Don zana kwana na ƙi igiya, saboda tana miƙewa in an ja. Na sa aka kafa guntun rodi a cibiya, na sami doguwar falanki na huda ta a wuri biyar: ramin cibiya, sai 110, 120, 140 da 150. Na tsakiya biyun su ne layuka, na gefe biyun bakin tushe. Ƙusa a rami, ka zagaya, ƙasa ta zanu. Rodin nan na ce kada a cire shi ko bayan an gama, a sare shi daidai ƙasa a rufe da gwangwani, domin duk ranar da layi ya goce daga nan zan sake aunawa.

Rami mai zurfin taƙi ɗaya, faɗi santimita 40, bulo a gefe da gefe, burji a ƙasa an daddaɓe, tsakuwa a sama. Katako ko guntu ban yarda ya shiga ba, gara ba za ta bar shi ya ga damina biyu ba. Tsakuwar daga wajen masu fasa dutse na bayan gari na sayo, amalanken jaki biyu, muka tankaɗe da rariya muka ɗauki mai girman ƙwayar wake zuwa ƙasa. Fasasshen dutse yana da baki, yana cije juna ya riƙe matasan dogo, wato guntayen da ke gicciye ƙarƙashin ƙarafa. Tsakuwar gulbi mai sulɓi ce, zamewa take yi.

Ruwan daɓe shi ya fi komai ci mini kuɗi. Famfo kwana huɗu bai kawo ba, sai 'yan ga-ruwa. Wanda ya zauna Damagaram ya san wannan.

Asabar, 25 ga Janairu

Shimfiɗa ta kammala jiya da safe. Na cire ƙarafan tsofaffin kwanonin daga matasansu, na mayar da su cikin boris na buɗe su zuwa 120, don kada su tashi a banza. A rabin da'ira ƙarfen waje ya fi na ciki tsawo da santimita 14, ko wace irin kwana ce, tunda 45 ɗin da ke tsakaninsu ba ta canzawa. Zarto ya sha aiki.

Na yanka ma'auni biyu daga guntun allon roba, kowanne da tsaga huɗu da ke hawa kan ƙarafa huɗun lokaci ɗaya, ɗaya na 18 ɗaya na 20. Jikana shi ke riƙe da su. Ina gyara layi, yana bi yana dannawa, in tsaga ta ƙi shiga ya ce, "Kaka, nan bai yi ba."

Sai maganar mararraba. Tunda su 16 suka sani, ni kuma a gefen gaba 20 nake so, dole a sa guntu tsakanin bakunansu. Da yake karkatar digiri 30 ce, duk santimita ɗaya da ka ƙara a guntun, rabin santimita yake ƙara wa tazara. Ina neman 4, na yanka guntu mai 8. Ya zauna daidai, har ma ya yi wani amfanin: da can tarago yana fita daga karkatar dama ya faɗa ta hagu nan take, maƙalarsa tana fizga. Yanzu yana samun ɗan numfashi a tsakani. A kan guntun na sa mahaɗin roba a ƙarafa biyun, domin jiragen suna tafiya ne fuska da fuska, wutar layin ciki a juye take da ta waje, in suka haɗu tartsatsi ne.

Da yamma muka sa dogayen taragun, kowa da nasa, muka tsayar da su a tsakiyar kwanar dogon yaro, daidai inda suka yi karo. Na zura yatsu biyu tsakaninsu suka shige da sarari. Matakalar da na liƙa da gam tana nan, in ba ka sani ba ba za ka gane ba.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, aiki ya tsaya. Ƙurar hunturu ta bar ƙarafa da dattin da ke hana wuta kama ƙafa, jirgi yana tafiya yana sarƙewa. Tsumma a kan guntun katako kafin kowane wasa, shi ke nan. A nan na fara gode wa tazarar: hannuna yana shiga tsakanin jirage biyu in ɗora ƙafar da ta sauka ba tare da na ture na kusa ba. A gefen 18 da ƙyar, a gefen 20 a sake.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Bayan azahar na fita duba tulun da ke gindin katanga, sai idona ya faɗa kan miƙaƙƙen baya. Layin waje ya yi ciki kamar maciji, wajen mita biyu na tsawonsa ya turo zuwa layin ciki. Na ɗora metir da tsumma a hannu, don tagullar ba ta taɓuwa. Inda ya kamata in ga 18, na ga 15.

Dalilin a fili yake. Tagulla tana ƙara tsawo da zafi, kusan milimita 0.019 a kowace mita in zafi ya hau digiri ɗaya. Na shimfiɗa layin nan da sanyin safiyar Janairu, zafi bai wuce 15 ba, kuma na matse kowane mahaɗi baki da baki don kada a ji ƙara. Yanzu inuwa ma ta haura 40, balle ƙarfen da ke kwance a rana gindin katangar da ke mayar da zafi. In na ɗauki bambancin digiri 45 a kan mita 6, milimita 5 ke nan da ke neman wurin zuwa. Ni kuma na daɗa da kafe bakunan miƙaƙƙen biyu da ƙusa a kan bulo don kada 18 ɗina ta goce. Gaba a toshe, baya a toshe, waje bulo, sai ya yi ciki.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ke haifar da wannan. Na lissafa, don mita 2 ta yi doro na santimita 3, ƙarin milimita 1 da ɗan kai kawai take bukata. Kaurin farce. Sauran ya tafi cikin mahaɗai da ƙusoshin da suka ɗan sunkuya.

Da 16 na bari kamar farko, da saura santimita ɗaya tsakanin taragu. Da kuma layin ciki shi ma ya turo, da an sake karo a inda na ɗauka babu haɗari ko kaɗan. Da magariba ƙarfen ya huce ya koma, amma bai koma daidai ba, ya bar tsakuwa a ture.

Asabar, 10 ga Mayu

Na cire ƙusoshin duka. Layi yanzu yana kwance ne cikin tsakuwa kawai, kamar na gaske, in ya so motsi kwanonin su ɗan buɗe su karɓa. Na rage kowane ƙarfe da zarto da magagari, na yi aikin da tsakar rana lokacin da ya gama miƙewa, na bar ɗan sarari kamar kaurin kati. Da asuba na duba, sararin ya buɗe zuwa milimita 2 a wasu wurare, ƙafa tana wucewa da 'yar ƙara tak-tak wadda jikokin suka ce ta fi daɗi.

Don riƙe tazara kuma na sauya dabara. Maimakon in kafe kowane layi da ƙasa, na ɗaure su da juna. Farin tiyon famfo na tsaga gida biyu, na yanka guntaye, na ɗaure kowanne da sukuru a ƙarƙashin matashin wannan layi da na wancan, duk bayan santimita 60. In za su motsa su motsa tare. Mai walda ya ce ya yi mini na ƙarfe, na ce a'a, tsatsa za ta ci, kuma ranar da ya taɓa dogo wuta za ta haɗu. Robar na binne ta cikin tsakuwa saboda rana tana busar da ita ta farfashe.

Tunda na riga na tayar da wurin, na mayar da miƙaƙƙen baya 20 shi ma. Na daɗe ina jinkiri a kan wannan, domin har yanzu ina ganin 18 ta fi kama da na gaske in ka durƙusa ka hango ta daga ƙarshe. Amma ma'auni ɗaya ya fi biyu sauƙin riƙewa, buɗewar nan ta mita guda kafin kwana ta tafi, layukan sun zama tsintsiya ɗaya daga farko har ƙarshe. Ma'aunin 18 na rataye shi a ƙusa cikin zaure.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ruwan daren Juma'a ya yi ƙarfi, irin wanda ke zuwa da iska daga gabas. Da safe na tarar tsakanin layukan ya zama ƙorama. Tsakuwar kowane layi ta yi tudu, tsakiya ta yi kwari, ruwan indararon ɗaki ya sami hanya ya bi ta nan har kwanar yamma, ya tara yashi ya binne ƙarfen ciki na layin waje tsawon kamu uku. Wannan ban hango shi ba ko kaɗan lokacin da nake ta lissafin taragu. Faɗin da na ƙara shi ya ba ruwa wurin gudu.

Jiya da yau muka yi gyara. Na cika tsakiyar da tsakuwa har ta zo daidai da saman matasai, kwarin ya ɓace. A wuri uku mafi gangare magini ya cire bulo ɗaya-ɗaya, muka ratsa tiyo ta ƙarƙashin layukan biyu zuwa gindin dogon yaro. Indararon kuma an ƙara masa hannu ya zuba cikin randa.

Da muka kwashe yashin na tono gwangwanin cibiya, na ɗora falankin nan na zagaya. Layin ciki ya fita da kusan milimita 5 a tsakiyar kwana, na waje ma haka. Ma'aunin 20 ya hau ko'ina ba gardama. Guntayen tiyon sun yi aikinsu. Na bar kwanar inda ta zaɓa, ban mayar da ita ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Maƙwabcina ya shigo da baƙonsa, wani direba ɗan Maraɗi, don ya ga jirgi. Hira ta kai mu kan dogon da ake ginawa daga Kano zuwa garinsu, kilomita 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Na gaya masa wancan faɗinsa milimita 1435 ne, ya fi tsohon na Kano mai 1067, ya fi na Doso mai 1000, ke nan ba jirgin da zai tashi daga ɗaya ya hau ɗaya. Ya daɗe a tsugune yana kallon taragun suna wuce juna a kwana, ya ce, "Alhaji, ni da na ɗauka sai sun gogu." Jikana ya ɗauko ma'auni ya nuna masa yadda ake dannawa.

Bayan sun tafi muka fara layi na uku, na tasha, da mararraba biyun da suka rage. Zai fita daga layin ciki a gefen gaba, da dandamalin fasinja tsakaninsu. Dandamali mai mita 3 a gaske santimita 13 ne a nan, a ƙara faɗin tarago 12, a ƙara rabin santimita kowane gefe, 26 ke nan. Fita ɗaya ta mararraba da kwanar da ke mayar da ita miƙe 16 suke bayarwa, saura 10, guntu mai santimita 20 zan yanka.

Akwai kuma wurin tsayawa. Inda layukan biyu suka fara rabuwa, tarago in ya tsaya kusa da mararraba kafaɗarsa tana kan hanyar mai wucewa. Muka ajiye dogon tarago a layin tasha, muka tura ɗayan ta babban layi, ina ja da na tashar baya kaɗan-kaɗan har yatsu biyu suka shiga tsakaninsu. Yaron ya nemo farin dutse ya dasa a wurin. Siminti na dandamali sai ranar Alhamis, in magini ya dawo daga Mirriya.